Kafin a Tafi da Hibatullahi Masar

Unguwar Ranuna, Madina.

Zuwa ga babbar yayata, wadda ta zame mana uwa, Yaya Hajo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa take yi wa yayar da ta goya ta, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da jikoki da duk mutanen gidanmu na Tudun Wada. Yaya ƙafar? Hajiya Zaituna maƙwabciyarki, wadda ta zo Umra kuma za ta kawo miki wannan, ta ce har yanzu gwiwar tana hana ki sallah a tsaye. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kawo sauƙi. Na ba ta man shafawa da ƙwayoyin da kika saba, da dabinon ajwa, kuma don Allah naki ne, kada ki zauna kina kallo jikokin nan su yi masa wawa kamar na bara. Mu nan muna lafiya, sai zafi da ya fara leƙowa. Baban Usama yana nan yana fama da ɗalibansa a jami'a, ni kuma ina kantin maganin da kika sani. Usama ya yi tsawo ya wuce ni, ki yi masa Hausa ya mayar miki da Larabci, in na yi faɗa ya yi dariya. Duk lokacin da na shiga Harami ina sa ki a addu'a, ke da Inna da Baba, Allah Ya jiƙansu.

Yaya, kin san rubuta wasiƙa ba halina ba ne, baki ne Allah Ya ba ni. Amma in na kira ki a waya ba kya bari in kai aya, sai ki ce Adawiyya ke dai da zafin kai, saƙon murya kuma a tsakar gida kike kunna shi kowa ya sha labari. Wannan magana ba ta tsakar gida ba ce. Ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai, ki daure ki kai ƙarshe ko da ranki ya ɓaci da ni. Maganar Hibatullahi ce, 'yar Yaya Auwalu. Na san ya gaya miki cewa yarinyar tana da 'yar matsala a jikinta, za a yi mata ƙaramin aiki ta zauna daidai da sauran mata, kuma ita da kanta ta yarda. Na san kin ce masa a yi a gama kafin magana ta fita. Da abin da ya gaya miki kika yi hukunci, ban ga laifinki ba. Sai dai aikin ba ƙarami ba ne, kuma yarinyar ba ta yarda ba, don ba a ma tambaye ta ba.

Rabonki da Hiba tun tana 'yar shekara tara, lokacin da suka zo bikin 'yarki Munirat, don haka bari in gaya miki yadda take yanzu. Shekarunta goma sha shida. Kurma ce kamar yadda kika sani, tun haihuwa, amma kanta yana ja ƙwarai, tana karatu da rubutu da Larabci, kuma a makarantar kurame ta koyi maganar hannu irin ta nan ƙasar. Ni na riƙa kai ta makarantar tana ƙarama, har na zauna na koyi maganar tare da ita, domin kin san ita ce 'yar fari. Kaltuma uwarta ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce yarinyar can. Yaya Auwalu kuma yana matatar mai a Yanbu, sai ƙarshen mako yake shigowa Madina, kuma shi ma kunyar ɗan fari ba ta bar shi ya zauna ya yi hira da ita ba. Alamun da suka sani ba su wuce na ci abinci, tashi ki yi sallah, zo, tafi ba. A gida wannan kunya ba ta cutar da yaro, don yana da kakanni da gwaggonni, kuma kunnensa yana tsintar magana ko ba da shi ake ba. Nan babu kaka, kunnen kuma babu. Tun bara na lura tana canzawa. Ta yi tsawo sosai, kafaɗunta sun buɗe, ƙirji bai fito ba, al'ada ba ta zo ba. Ta fara sa niƙabi har a cikin gida, ni kuma da wautata na ɗauka ustazanci ne na 'yan mata, har ina tsokanarta. Ashe gashi ne ya fara fito mata a haɓa.

Ba su gaya min komai ba, suka yi ta zaryar asibiti a ɓoye wata da watanni. Abin da ya tona shi ne, wata rana Kaltuma ta zo kantinmu tana ta kewaye-kewaye, can ta ambaci sunan wani magani, ta tambaye ni ko yana da illa idan mutum zai sha shi har ƙarshen rayuwarsa. Na ce wa zai sha, ta ce wata ce. Na ce Kaltuma, wannan magani ba a ba yarinya shi haka kawai, ki gaya min wace ce watan. Sai ta fashe da kuka a gaban mutane, na ja ta ciki na rufe ƙofa. Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki gafarce ni in faɗa miki a fili. Likitoci sun gano cewa Hiba mata-maza ce. A waje an haife ta da kamar mace, shi ya sa aka raɗa mata suna aka huda mata kunne, amma a ciki ba ta da mahaifa, 'ya'yan maraina ne irin na maza a ɓoye a cikin mararta. Su ne suka farka da ta balaga suke jan jikinta zuwa na namiji. Babu wanda ya yi mata asiri, ba kuma laifin kowa ba ne, halittar Allah ce. Aikin da Yaya Auwalu yake so shi ne a cire su, a gyara ta ta zauna a mace, ta riƙa shan wancan maganin muddin ranta. Abin da aka cire kuwa ba ya komawa, ko da daga baya ta tashi ta ce ita ba haka take jin kanta ba.

Na nace sai da suka tafi da ni ganin likita na ƙarshe, wanda a nan ne uba zai sa hannu, domin a asibitin duk wanda bai kai shekara goma sha takwas ba waliyyinsa ne yake amincewa a madadinsa. Likitar mace ce, mai natsuwa, kuma wallahi ta yi bayani tsakani da Allah. Ta ce akwai hanya uku. A yi aiki ta zauna a mace, ko a taimaka wa jikin ya ƙarasa zuwa namiji, ko kuma a dakata ana duba ta lokaci zuwa lokaci har ta kai shekarun da za ta zaɓa da kanta, tunda a gwajin da suka yi ba su ga abin da yake barazana ga ranta yanzu ba. Ta ce irin waɗannan yara da yawa sukan karkata ga maza bayan balaga, wasu kuma a'a, shi ya sa jin ta bakin mai jikin yake da muhimmanci. Sannan ta ce wa Yaya Auwalu ya juya ya gaya wa yarinyar duk abin da ta faɗa, ya tambaye ta ra'ayinta.

Abin da na gani a lokacin shi ya hana ni sukuni har yau. Ya juya wajenta, ita kuwa da ta ga ubanta ya fuskance ta, sai ta yi abin da muka koya mata tun tana ƙarama, ta sunkuyar da kai tana kallon tafin hannunta. Mu muka koya mata, har da ke, kin tuna kin taɓa yi mata faɗa a Tudun Wada don ta zuba wa Malam ido, kika ce ɗiya mai tarbiyya ba ta kallon babba cikin ido. Gaskiya ne ga mai ji. Amma kurma da ido yake ji, idan ta sunkuyar da kai daidai yake da ni in toshe kunnuwana biyu da auduga. Yaya Auwalu ya nuna cikinsa, ya yi alamar yanka, ya ɗaga babban yatsa, duk a saman kan yarinyar da take kallon ƙasa. Ya jira kaɗan, ba ta motsa ba. Sai ya juya ya ce wa likita ta yarda, ya ƙara da cewa a al'adarmu budurwa ba ta amsawa da baki, shirunta shi ne yardarta. Likitar ba ta san mu ba, ta ɗauka haka ne. Ni ina zaune, na buɗe baki, ya yi min wani kallo, na tuna yayana ne kuma a gaban baƙuwa muke, na haɗiye. Ya ɗauki biro ya sa hannu.

A mota kuwa ban haɗiye ba. Na ce masa shirun budurwa da ake faɗa ai na wadda ta ji tambayar ne, wannan kuwa me ta ji. Na ce wadda Allah Ya yi ta ba ta magana, ta yaya shirunta zai zama amsa, ai in haka ne tun ranar da aka haife ta ta yarda da komai. Ya ce in kama bakina, ni ban san abin da yake gani ba. Kuma don adalci bari in faɗa miki nasa, domin Yaya Auwalu ba mugu ba ne, tsoro ne yake cinsa, duk ya rame. Ya ce iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, da fasfo da takardun makaranta duk mace aka rubuta, wa zai iya da zaryar canza su a ƙasar da muke baƙi. Ya ce ta tashi cikin mata, ta yi sallah a sahun mata, mata sun buɗe kansu a gabanta, yanzu da wane ido zai kalli mutanenmu na nan in aka wayi gari ta zama namiji. Ya ce kurumta kaɗai ta ishe ta jarrabawa, ba zai bari a ƙara mata da zunɗe ba, gara a rufa mata asiri tun kafin gemun ya fi ƙarfin niƙabi. Ya rufe da cewa ai Yaya Hajo ma ta ce a yi. Duk wannan muna yinsa ne Hiba tana kujerar baya tana kallon titi, ba ta san a kanta ake yi ba.

Da na ga abin ya koma kan addini, sai na roƙi Baban Usama ya je wajen Malam Muhyiddeen, wani dattijo Bahaushen Sudan da yake karantar da fiƙihu a unguwarmu, ya tambaye shi ba tare da ya kama suna ba. Malam ya ce wannan ba sabon abu ba ne, malamai sun daɗe da yin bayaninsa, kuma gyara halittar mai irin wannan lalura ba haramun ba ne in an tabbatar da inda ta fi rinjaye. Amma ya ce ba a gaggawa, ana duba alamomin da suka bayyana bayan balaga, kuma ana tambayar mai jikin inda zuciyarsa ta karkata, don akwai abin da ba wanda ya sani sai shi. Da aka kai wa Yaya Auwalu wannan, sai ya ce ai yarinya ce, me ta sani. Na ce ikon Allah, in maganar azumi da sallah ce ka ce ta balaga alƙalami ya hau kanta, in maganar jikinta ce ka ce yarinya ce. Wadda ta isa mala'iku su rubuta mata zunubi ai ta isa a tambaye ta.

Yanzu ga abin da na yi, wanda na san shi za a fara kawo miki ƙarata a kai, kuma ban yi nadama ba. Wata ranar Litinin da yamma na ce zan kai ta shan iska, na tafi da ita gonar dabinon wani abokin Baban Usama a Awali, inda babu kowa sai masu ban ruwa can nesa. Muka zauna a bakin kwalbatin ruwa, na sa ta cire niƙabin, na kama haɓarta na ɗago, na ce yau ni za ki kalla. Na tambaye ta ko ta san aikin da za a yi mata. Ta ce Baba ya nuna mata akwai ƙari a cikinta za a cire. Iyakar abin da ta sani ke nan. Sai na gaya mata komai, da hannu, inda alama ta gaza na rubuta mata da Larabci a waya. Yaya, ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta tashi ta gudu. Sai kawai ta ce ashe ba hauka take yi ba. Ta ce shekara biyu ke nan tana zaton wani zunubi ta yi Allah Yake mayar da ita haka, tana aske haɓarta a ɓoye da rezar babanta har tana yanka kanta, tana tsayawa a ƙarshen sahun mata a Harami tana jin kamar ɓarauniya. Nan ne ni na yi kukan, ita take share min hawaye.

Na tambaye ta to me take so. Ba zan yi miki ƙarya ba don in ci gardama, ba ta ce ita namiji ba ce. Ta ce wani lokaci in ta ga su Usama suna ƙwallo sai ta ji can ne wurinta, kuma jikin nan da yake canzawa ba ta ƙi shi kamar yadda ake zaton za ta ƙi ba, tsoron mutane ne kawai. Wani lokaci kuma in ta tuna ƙawayenta na makaranta da ɗakin mamanta, sai ta ji ba za ta iya rabuwa da su ba. Ta ce ba ta sani ba tukuna, yau ta fara jin labarin, ta yaya za ta sani. Abin da ta roƙa ɗaya ne, a bar mata jikinta yadda yake har ta gane, in ta kai sha takwas ta sa hannu da kanta a kan duk wanda ta zaɓa, in ya so ko me ya biyo baya ita ta ɗauka. Ta ce in an cire yanzu, daga baya ta gane kuskure ne, wa za ta je ta ce ya mayar mata. Ki gaya min, Yaya, wannan maganar wadda ba ta san komai ba ce?

Washegari na kira likitar na gaya mata cewa yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba a ranar nan. Matar ta yi salati, ta ce ba za ta taɓa ta da wuƙa ba sai an sake zama da tafinta na kurame, an ji daga hannunta. Da labari ya kai Yanbu, Yaya Auwalu bai jira ƙarshen mako ba, ya kamo hanya. Ina gidan nasu ya shigo. Ya kira Hiba, ta zo ta durƙusa, amma wannan karon ta ɗago kai ta kalle shi, ta fara yi masa magana da hannu, a hankali, da ladabi, tana roƙonsa ya jira. Ya tsaya yana kallon hannuwan 'yarsa bai gane ko ɗaya ba. Na ce bari in fassara maka, ya ce ba ya so. Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma maimakon ya sauko sai abin ya zame masa fushi, ya ce na lalata masa tarbiyyar ɗiya, ga shi yau tana kallonsa ido cikin ido. Ya ce na tona masa asiri a wajen baƙi, kada in ƙara taka masa gida. Ni ma bakina bai yi shiru ba, na faɗa masa maganganu, ciki har da cewa shekara goma sha shida yana ciyar da yarinyar da bai taɓa jin abin da ta ce ba. Na san ta yi zafi, in kin ce in ba shi haƙuri a kan lafazin zan ba shi, amma ba a kan maganar ba.

Abin da ya sa nake rubuta miki da gaggawa shi ne, ya fasa da asibitin nan. Wani abokinsa ya haɗa shi da likita a Masar wanda ya ce sa hannun uba ya wadatar, har an yanki tikiti, Talatar sama za su tashi. An gaya wa Hiba hutu za a je. Kaltuma ce ta sanar da ni a ɓoye, ita ma ba ta so, amma kin san ta, ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Baban Usama ya je ya same shi, Malam Muhyiddeen ma ya aika masa, duk ya toshe kunne. Abu ɗaya ya faɗa wanda na riƙe, ya ce duk duniya in ba Yaya Hajo ce ta ce ya dakata ba, babu mai dakatar da shi, ke kuwa kin riga kin sa albarka. To, Yaya, kin ga inda maganar ta tsaya.

Ban ce ki ce masa Hiba namiji ce ba, ni ma ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Ban ce a yi shela ba, asirinta a rufe yake, niƙabinta yana fuskarta, likita kuma ta ce za ta ci gaba da duba ta. Jira kawai nake roƙo, na abin da bai kai shekara biyu ba. Na san za ki ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma sau da yawa haka ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san kuma abin da yake ranki, surutun dangi da abin da za a ce a Tudun Wada in wata rana aka ga 'yar Auwalu ta sauko daga jirgi da jamfa. Ni ma ina jin wannan nauyin, wallahi ina ji, har nakan rasa abin da zan ce wa Usama in ranar ta zo. Amma masu surutun za su yi su gaji su kama wani, ita ce za ta kwana ta tashi a cikin jikin nan har ta mutu. Ke kika riƙe mu da Inna ta rasu, kika hana a raba mu gidajen dangi lokacin da kowa yake cewa a raba, kin san yadda ake tsayawa a gaban mutane saboda yaro. Ki kira shi, kada ki yi masa faɗa don ya sha isasshe a wajena, ki ce masa kin janye maganarki, ya mayar da tikitin, ya koma wajen likitar nan da tafinta ya zauna ya ji 'yarsa.

Ki gaishe min da Malam da kyau, ki ce ina neman addu'arsa ba tare da kin faɗa masa dalili ba. Ki gaida Munirat da maigidanta da jaririn, Allah Ya raya. Ki gaida Sabiru, ki ce na ji labarin sabon shagon, Allah Ya sa albarka, da Musaddiƙ da Halimatu Sa'adiya da sauran yaran gida baki ɗaya. Baban Usama yana gaishe ki, Usama ma ya ce a gaida Hajiya.

Hiba ba ta san ina rubuta miki ba. An karɓe mata wayarta, amma ɗazu da hantsi ta ari ta mamanta ta turo min saƙo. Ta ce ta ga ana haɗa kaya, ta ga mamanta tana kuka a kan akwati, ita kuwa ta san ba a kukan tafiya hutu. Ta ce ba za ta gudu ba, ba za ta yi wa Baba gardama a filin jirgi ba, in ya ce sai an yi to shi ne ubanta. Alfarma ɗaya take nema a wajena, in gaya mata gaskiya ko wannan tafiyar ce, don kada a sa ta barci ta farka ta tarar an gama. Ta ce ni kaɗai ce ban taɓa yi mata ƙarya ba. Saƙon yana nan a wayata, na buɗe shi ya fi a ƙirga, ban amsa ba. Ƙarya ba zan yi mata ba, gaskiyar kuma na kasa rubutawa. Ina jiran ki kira Yaya Auwalu, sannan ki kira ni ki gaya min abin da zan ce wa yarinyar nan.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Wassalamu alaikum.

Ƙanwarki mai bakin nan,
Adawiyya.